Bu Sumi da Bajimin da Ya Koma Ja

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, daidai da 14 ga Rajab, Allah Ya karɓi ran Dokta Sumiyarsih, likitar dabbobi da kowa ke kira Bu Sumi, a wani asibiti da ke garin Situbondo a tsibirin Jawa, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Shekarunta sittin da ɗaya. An rufe ta bayan la'asar a maƙabartar ƙauyen Karangwatu, ana tsuga ruwan sama. Ta bar mijinta Pak Sutikno, da 'yarta Ningrum, da jikoki biyu. Ta kuma bar garken banteng, shanun dawan nan namu da suka kusa ƙarewa a Jawa, waɗanda ta shafe shekara ashirin da biyu tana renonsu cikin shinge a bakin daji.

Bu Sumi, mutane da dama sun roƙe ni in rubuta miki abu mai laushi, wanda za a karanta a girgiza kai a ninke jarida. Na san yadda ake rubuta irinsa, amma ba shi zan rubuta ba. Gidauniyar da ke riƙe da gidan renon ta sa zama washegarin sadakar arba'in ɗinki, kuma batun farko a zaman shi ne a dandaƙe wani bajimi mai suna Legi. Shekara shida kina tsaye tsakanin bajimin nan da awartakin dandaƙa. Yanzu da kika kwanta, wasu na ganin hanya ta buɗe. Saboda haka zan faɗi ko ke wace ce, in kuma faɗi dalilin da ya sa ba za a taɓa shi ba.

Na fara ganinki shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin da jaridarmu ta aiko ni daga Surabaya in rubuta labarin nasara. Garken da aka fara da shanu shida ya haura talatin. Na same ki a tsugune kina kwasar kashin wata saniya cikin 'yar kwalba, tun bai huce ba. Na tambaye ki shanu nawa ne yanzu. Ko ɗagowa ba ki yi ba.

"Mas Prawoto, kowa wannan yake tambaya. Mai sayar da rake a bakin titi ma zai gaya maka. Tambaye ni ubanninsu nawa."

Na tambaya.

"Ɗaya. Ga shi can yana shan ƙwai."

Janar ke nan, uban garken. Ban taɓa ganin dabba mai kyansa ba. Baƙi wuluk yana ƙyalli, ƙafafunsa huɗu farare tas daga gwiwa zuwa kofato, ga farin gindi, ga ƙaho biyu daidai wa daida. A kewaye da shi matan suna kiwo, jajaye kamar bulo, haka ma maruƙan. Kowa a nan ya san namijin banteng ja ake haihuwarsa, sai ya kai ƙarfi yake rinewa ya koma baƙi. A gidan namun daji aka haifi Janar, bai san tsoron mutum ba. Shugaban makiyaya, Cak Matrawi, mutumin tsibirin Madura ne daga gidan masu shanun tsere, kuma kowace safiya yakan kaɗa ƙwai da citta da zuma ya ɗura wa Janar ta goran gora, kamar yadda ubansa yake yi wa shanun da za su shiga fage.

A ƙarƙashin tsamiyar nan da kike ajiye teburinki kika yi min bayani, kofi yana hucewa a gabanmu. Kika ce kowace halitta gado biyu take ɗauke da shi, na uwa da na uba, kuma idan akwai aibi a ɗaya, ɗayan yakan rufa masa asiri. Amma idan uba yana hawan 'yarsa, ɗa yana hawan 'yar'uwarsa, gadon biyu sai su zama abu guda, aibin ya rasa mai rufe shi. Kika lissafa min abin da masu zuwa ɗaukar hoto ba sa gani: maruƙan da ake haifa matattu, da masu gajeren haɓa da ba sa iya kama nono, da karsana da za ta shekara uku ba ta ɗauka ba. Kika ce ranar da wata cuta ta gane hanyar kayar da ɗaya, ta gane hanyar kayar da duka. Kashin da kike tarawa jami'a ake kai shi a karanta jinin kowace dabba, kuma sakamakon bai taɓa canzawa ba. "Ba garke gare mu ba, Mas. Hoton sa ɗaya ne aka wanke sau talatin."

Na koma Surabaya ban rubuta labarin nasara ba, kuma daga ranar na zama ɗan gida a Karangwatu.

Ba na son a ɗauka shanu kaɗai kika sani. Kowace Juma'a da safe, kafin maza su tafi masallaci, manoman ƙauyuka uku sukan jero da shanunsu da awakinsu a nesa da shinge, ki duba su ɗaya bayan ɗaya, ki yi wa mai shi faɗa idan ya bar kaska ta cinye kunnen dabba, sannan ki tambayi lafiyar uwarsa da sunanta. Abin da kike karɓa bai wuce ɗanyar masara ko busasshen kifi ba, shi ma a tukunyar makiyaya yake ƙarewa. Shekarar da haihuwa ta zo wa matar Cak Matrawi da gardama, rafi ya cika ya shafe gada, ke kika tuƙa motar ɗaukar ciyawa kika ratsa ruwan da ita, kina yi mata hira a kan wata saniya da ta fi ta raki. Da matata ta rasu, ba ki yi min doguwar magana ba. Kika zo Surabaya da tukunyar miya, kika zauna a kicin kina yi wa 'ya'yana tsiya har sai da suka ci abinci.

Shekara takwas da suka wuce aka kama bajimai biyu a dajin kudu, bayan duwatsu. Sun addabi wata gonar koko har suka faɗa ramin da masu gadi suka haƙa. Hukuma ta rasa inda za ta kai su. Kika je da kanki kika roƙa, kika dawo da su, aka sa musu sunayen ranakun kasuwar da aka ciro kowanne daga rami, Kliwon da Legi. Babu mai kyau a cikinsu. Kliwon ƙahonsa ɗaya a karye. Legi siriri ne, dogon ƙafa, kunne a tsage, ga tabon tarkon waya zagaye da wuya. Da ganin mutum sai su yi kan shinge. Cak Matrawi ya zagaya su sau biyu ya tofar da yawu.

"Bu Dokta, waɗannan ai ko mahauci sai ya nemi ragi."

"Ni ba fuska na je nema ba, Cak."

Da sakamakon jininsu ya dawo, kika kira ni a waya. Babu inda suka haɗu da Janar, kuma su kansu ba 'yan'uwan juna ba ne. A karo na farko garken yana da ubanni uku. Kika ware wa baƙin wani gefe mai duhuwar ƙaya, kika ce a bar su su huce, ko da shekara biyu ce.

A shekara ta biyu kujerarki ta Hajji ta fito, bayan jiran da kowa ya san tsawonsa a ƙasar nan. Kika tafi. Da kika dawo kika tarar Kliwon ya yi sanyi, ya daina dukan shinge, har yakan tsaya yana kallon mutum daga nesa. Ina tuna murnarki. Kika ce min ya fara sabawa, baɗi za a ba shi mata.

Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakinki, na kuma ji shi daga bakin Cak Matrawi, kuma bakinku bai saɓa ba. Da ruwan farko na daminar ya sauka, kina tsaye a shinge da madubin hangen nesa, sai kika kira shi.

"Cak, zo ka gaya min launin cinyar san can."

"Laka ce, Bu Dokta. Ya kwanta a laka."

"Lakar Karangwatu baƙa ce. Yaushe muka fara jar laka?"

Kika sauke madubin kika dube shi.

"Tun yaushe?"

"Kina Makka. Ya huda cinyar ƙanena, Bu, saura kaɗan ya tsinke jijiya. Na yi masa abin da ubana yake yi wa sa mai faɗa. Babu jini, babu miki. Ga Janar nan, babu sa irinsa a tsibirin nan. Me za a yi da irin mai ƙaho ɗaya?"

"Wa ya sani?"

"Pak Haji, shugaban gidauniya. Shi ya ce kada a ɓata miki ladan Hajji."

Sun kora Kliwon cikin kejin matsi, lungun katakon nan da ake datse sa a ciki, ba gaba ba baya, idan za a yi masa allura. Suka murƙushe masa jijiya da awartaki, suka sake shi. Daga nesa babu abin gani. Abin da Cak Matrawi bai sani ba shi ne, baƙin launin bajimin banteng daga ƙarfin mazakuta yake zuwa, kuma idan aka dandaƙe shi baƙin yakan janye sannu a hankali, daga baya zuwa gaba, har ya koma ja kamar saniya. Kowane manomi a Bali ya san wannan, domin shanunsu na gida jikokin banteng ne. Amma shanun Madura ja ake haifarsu, ja suke mutuwa, a dandaƙe ko ba a dandaƙe ba. Mutum ne da ya san sa ciki da waje, sai dai bai taɓa ganin sa ya canza riga ba.

Ya ce kin zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Yana jiran ki ce ya tattara kayansa. Abin da kika fara cewa shi ne, da ɗan Bali kika ɗauka aiki, da tsoron tonon asiri ya hana shi. Sai kika tambaye shi:

"A garinku, idan saniya ta nemi sa, ɗan'uwanta kuke ba ta?"

"Wane mahaukaci? Ƙauyen gaba muke kai ta."

"To ina ƙauyen gaba a nan, Cak?"

Ya waiga ya dubi duhuwar da Legi yake ciki. Ya ce min abin da kika yi shekaru kina faɗa da kalmomin jami'a, a wannan lokacin ya shiga kansa, kuma ya fi son da marinsa kika yi. Kika ce ya kawo awartakin, kika tafi da shi gida. Pak Sutikno ya ce har yau yana rataye a kicin, ƙaguwa ake fasawa da shi.

Banteng ba dukiyar gidauniya ba ne. Amanar hukuma ne a hannunta, kuma dandaƙe shi ba da izini ba laifi ne da kan iya kai mutum gaban alƙali. Kin san haka. Da kika sanar da hukuma, cewa kawai kika yi Kliwon ba ya haihuwa. Wannan ne kaɗai wurin da na san kin tauye gaskiya a shekara goma sha biyar, kuma saboda mutum mai 'ya'ya biyar kika yi. Na san labarin tun a lokacin. Kika roƙe ni kada in buga, na riƙe.

Daga nan yaƙinki ya fara. Shugaban gidauniya, Pak Haji Dulmanan, mai gonakin taba da tafkunan jatan lande, ba mugun mutum ba ne, kuma ba zan zana shi a haka ba. Shekarar da fari ya ƙone daji, motocinsa ne suka yi ta kawo ciyawa wata bayan wata ba tare da an roƙe shi ba. Amma idonsa idon mai shanu ne. Yana son Janar kamar ɗan cikinsa, yana kawo baƙi su ɗauki hoto suna dafa masa wuya, kuma a wurinsa shekara mai kyau ita ce wadda maruƙa suka yi yawa. Sai da kika shekara guda kina ja da shi kafin aka raba Janar da 'ya'yansa maza da matan. Kika zaɓi shanu takwas kika sa su a gefen Legi.

"Bu Dokta, kin kulle Janar kamar ɓarawo, kin ba ɗan daba mata takwas," in ji Pak Haji.

Legi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Yakan tsaya a ƙuryar duhuwa, hancinsa a sama, yana shinshina mutane. Shekara uku gidan reno bai ga maraƙi ba. Tsofaffin shanu suna mutuwa, lamba na raguwa. Jaridu suka rubuta cewa aikin ya durƙushe, wasu ma suka ce tsufa da taurin kai ne. An kira ki gaban kwamiti, ina zaune a baya, aka ce ki mayar da Janar ko ki ajiye aiki. Ba ki ɗaga murya ba.

"Maraƙin da zai mutu kafin a yaye shi ba ƙari ba ne. In lamba kuke so, ku sayi awaki. In kuma korata za ku yi, ku kore ni da bakinku, ni dai ba zan tafi da ƙafata ba."

Babu wanda ya iya furta korar, domin babu likitan da zai yarda ya zauna a Karangwatu a kan abin da kike karɓa.

Kika koma kika yi abin da ba shi da armashi ko kaɗan. Kika sa aka kewaye gefen Legi da asabarin gora mai tsawo, aka ƙara dasa ƙaya a ciki, aka ja masa ruwa ta bututu. Kika hana baƙi. Ciyawa ta saman asabari ake jefawa, kuma mutum ɗaya ne ke zuwa kusa, Cak Matrawi, ba turare, ba rediyo, ba taba mai kanumfari. Mutumin da ko wa'azi ake yi sai ya zame ya busa, ya daina shan taba daga asuba zuwa magariba. Yakan ce azuminsa na Legi ya fi na Ramadan tsawo, kuma ba a yi masa alkawarin salla ba. A shekara ta huɗu, yana leƙe ta ramin asabari, ya ga Legi ya fito fili yana bin wata jar saniya a baya.

Bara aka haifi maruƙa biyu. Dukansu sun miƙe sun kama nono tun jikinsu bai bushe ba. A lokacin kin fara zuwa wankin ƙoda a gari sau biyu a mako, kina dawowa ranar a motar ciyawa domin kin ƙi kwana nesa da shinge. Da na taya ki murna, kika ce in rage murnar da rabi, duka biyun mata ne.

A watan Disamba, kina kwance a asibiti, aka kawo wasu surukan Pak Haji su ga bajimin da ake ta magana a kansa. Cak Matrawi ya tafi Madura jana'iza. Aka ɗaga musu asabari, suka shiga da wayoyinsu da ƙamshinsu da dariyarsu. Legi ya yi kan shinge, gungume ya karye, wani baƙo ya faɗi da gudu ya karya hannu. Ina yi masa fatan sauƙi da gaske. Amma a makon aka fara cewa bajimin nan hatsari ne, kuma tunda ya riga ya haihu, aikinsa ya ƙare. An ɓoye miki. Ningrum ta ce kin ji duk da haka, kuma kwana biyu kafin rasuwarki kin ce a kawo miki takalmanki na roba.

Ranar jana'izarki, maƙwabta suna shirin saro gora da za a rufe lahadu, sai ga Cak Matrawi da motar ciyawa. Ya sauke katakai masu kauri, an yanka su daidai tsawon da ake so. Ina cikin waɗanda suka miƙa su cikin kabari. Na ga hudojin ƙusa a jikinsu, na ga inda gefensu ya yi santsi saboda gogar jikin shanu. Katakan kejin matsi ne. Da jin rasuwarki ya kwance shi, shi da ƙanensa, wanda har yau yake ɗingishi. Pak Haji yana tsaye a kan kabarin ƙarƙashin laima, kuma na ga ya gane su.

Sai ranar addu'ar bakwai ya yi magana. Bayan an shafa, ana raba shinkafa, ya dubi Cak Matrawi a gaban mutane ya ce, cikin murmushi, "Katako dai ana sayarwa a kasuwa, Cak. Awartaki ma haka."

Gaskiya ya faɗa. Kejin matsi aikin 'yan kwanaki ne, kuma idan makiyayan Karangwatu sun ƙi riƙe igiya, za a ɗauko wasu daga nesa. An yi wa Kliwon a ɓoye ba a tambayi kowa ba, don haka ake ganin za a sake yi. Cak Matrawi ya san wannan. Washegari ya hau mota ya same ni a gida, ya ƙi zama, ya ƙi shan kofi.

"Mas, labarin Kliwon da Bu Dokta ta ce ka riƙe. Ka sake shi."

Na ce masa ya san abin da zai iya biyo baya. Aikinsa zai tafi, kuma wataƙila a kira shi gaban hukuma. Na ce zan iya rubutawa ba suna.

"In ba suna, sai su ce ƙaryar ɗan jarida ce. Ku ai an san ku. Ka sa Matrawi, ɗan Sampang. Ka sa cewa ni na riƙe awartaki, Pak Haji yana tsaye. Wanda bai yarda ba ya zo ya kalli san, yana nan ja kamar amarya. Ita ta rufa min asiri shekara shida, ta tafi. Yanzu asirin nawa ne, kuma in na ci gaba da riƙe shi, Legi ne zai cutu."

Ga shi na rubuta, Bu Sumi. Na karya alkawarin da na yi miki, da izinin mutumin da aka yi alkawarin dominsa. Hukumar da ta ba gidauniya amanar bajimai biyu yanzu ta san abin da ya sami na farko, kuma ta san ranar da ake shirin yi wa na biyu. Babu sauran wanda zai ce bai sani ba.

Ga 'yan kwamiti kuwa, maganata gajera ce, kuma taki ce na ara. Maruƙan Legi biyu ne, duka mata. Kowacce rabinsa kawai ta ɗauka, kuma zazzaɓi ɗaya na iya tafiya da su. Ko sun rayu, idan kuka dandaƙe ubansu babu namijin da zai hau su sai 'ya'yan Janar, kuma cikin 'yan shekaru jinin dajin kudu zai narke ya ɓace a cikin wanda muka riga muka gaji da shi. Ba a sayar da irin Legi a ko'ina, kuma dajin da ya fito yana ƙanƙancewa kowace shekara. Kuka ce yana da faɗa. Faɗan nan shi ne abin da sauran garken suka rasa, kuma banteng da ke tsayawa a dafa masa wuya ba zai yi damina biyu a daji ba. Idan shinge ya karye, a sa gungume mai kauri. Idan baƙi ba sa jin magana, a bar su a waje. Pak Haji, kai ka ciyar da shanun nan a shekarar fari, kuma ba na manta maka da shi. Har yanzu kana da damar ka cire batun nan da hannunka kafin wani ya cire maka. In kuma ka bar shi, za ka same mu a zaman, ni da Cak Matrawi da manoman ƙauyuka uku, kuma ba za mu zauna a baya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Pak Sutikno, wanda ya yi shekaru yana jiran abincinsa ya huce saboda wata saniya na naƙuda, bai taɓa yin ƙorafi a gaban mutane ba. Ina miƙa ta ga Ningrum da 'ya'yanta, da makiyayan gidan reno, da mutanen Karangwatu baki ɗaya, har da Pak Haji Dulmanan, wanda na ga idonsa ya yi ja a maƙabarta. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Sumiyarsih. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka karɓi Hajjinta, Ka sa tausayin da ta yi wa dabbobinKa da bayinKa a ma'auninta, Ka yafe mata gaskiyar da ta tauye don ta rufa wa wani asiri. Ka sada ta da iyayenta a Aljanna. Ka kuma tsaya wa Matrawi ɗan Sampang da 'ya'yansa biyar, domin daga safiyar da wannan jarida ta fito ba shi da sauran wurin ɓuya.

Allah Ya jiƙanki, Bu Sumi. Amin.